Shekarar Farko ta Dashe: Nazari kan Renon Itatuwanmu na Gado

Duk wanda ya dasa darbejiya da kanya rana ɗaya a tsakar gidansa cikin markar Agusta, kafin shekara ta zagayo zai yanke hukunci. Darbejiyar za ta kai masa ƙugu ko ƙirji, ta fara rassa, har kaji su soma laɓewa a gindinta. Kanyar kuwa tana nan da 'yan ganyenta, da ƙyar ta wuce taƙi ɗaya ko biyu. Sai maigida ya ce itacen gida ba ya girma, ya tumɓuke ta ko ya bar wa akuya. Wannan hukunci ya bazu har ya zama kamar ilimi, kuma shi ne ke tsara abin da ake samu a wurin masu sayar da dashe a bakin titunan Kano da Kaduna da Maradi: mangwaro, gwaiba, lemo, turare, darbejiya da furannin ado. Ka tambayi ɗorawa ko ɗinya ko kirya, yawanci sai a ce ba a kawowa domin ba a nema.

Abin da wannan nazari ke son tabbatarwa shi ne, an gina hukuncin nan a kan rabin shaida. Itacen da ya samo asali a ƙasar da ake wata bakwai ko takwas ba ɗigon ruwan sama yana kashe shekararsa ta farko ne a ƙarƙashin ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Wanda bai san haka ba zai yi masa renon da ya dace da baƙon itace, ya kashe shi da hannunsa, sannan ya ɗora wa itacen laifi.

Ɗan gida da baƙo

Da yawa daga itatuwan da muka buɗe ido muka gani baƙi ne. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, mutanen Nijar kuma su ce bedi, daga yankin Indiya ta fito, kuma a 1928 aka fara dasa ta a lardin Borno. Turare daga Ostareliya yake. Mangwaro da zogale 'yan Indiya ne, gwaiba da kashu kuwa daga nahiyar Amurka. 'Yan gida su ne irin su kuka, gawo, ɗorawa, tsamiya, kaɗanya, kanya, aduwa, magarya, ɗinya, danya, kirya, marke, maɗaci, bagaruwa, giginya, goriba, ceɗiya, durumi da gamji. Shaidar daɗewarsu tana cikin sunayen wurarenmu: Ɗorayi da Tsamiyar Boka a Kano, Giginya a Sakkwato, Rimi a Katsina, Magarya a jihar Damagaram, da Kukawa wadda Shehu al-Kanemi ya kafa a 1814. Lokacin da J. M. Dalziel ya wallafa ƙamusunsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, ya tarar da harshen da ke bai wa ɓangarorin itace guda sunaye daban-daban. Ɗorawa kaɗai tana da tutu da sabada da kalwa da makuba. Harshe ba ya yin irin wannan rarrabewa sai ga abin da masu shi suka daɗe suna rayuwa da shi.

Ba ina ƙoƙarin ɓata baƙi ba ne. Darbejiya ta yi wa garuruwanmu rana, kuma layukan kare iska da aka fara dasawa da ita a kwarin Majiya cikin jihar Tawa tun 1975 sun tsare gonaki daga bugun iska. Illar tana cikin dogaro da iri ɗaya. A tsakiyar shekarun 1980 wani ƙwaro mai maƙalewa a ganye ya auka wa darbejiya a yankin tafkin Chadi, sannan wajen 1990 aka ga tana bushewa daga sama a sassan Nijar da arewacin Nijeriya. Garin da duk inuwarsa ta itace ɗaya ce, cuta ɗaya ta isa ta bar shi a rana. Ban da haka, darbejiya ba ta ba da miya, ba ta ba da daddawa, ba ta ba da man kaɗe, kuma 'ya'yanta ba sa ƙosar da tunkiya a watan Maris kamar yadda na gawo ke yi.

Abin da ke gudana a ƙarƙashin ƙasa

Ruwan sama a Kano yakan kai milimita 800 zuwa 900 a shekara, a Maradi wajen 500, kuma kusan dukkansa yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. Tsiron da ya fito a Yuli yana da kwana kamar ɗari kafin saman ƙasa ya bushe. Daga nan sai iskar hunturu, sai wutar daji, sai dabbobin da aka sako bayan kaka, sai zafin Afrilu da ke haura digiri 40. Tsiron da ya zuba ƙarfinsa a ganye da tsawo cikin kwanakin nan ɗari ya yi asara, domin ganyen zai ƙone ko a cinye shi. Wanda ya zuba ƙarfinsa a saiwa shi ne zai ga damina ta biyu. Dubban shekaru na wannan tankaɗe da rairaya su suka bar mana itatuwan da muke da su, kuma kowanne da dabararsa.

Gawo yana sakin uwar saiwa guda wadda ke nutsawa kai tsaye tana bin laima yayin da take ja da baya. A 'yan watannin farko tsawon saiwar yakan ninka na kan sau da dama. Masu bincike a Senegal sun tarar da saiwar babban gawo a zurfin da ya wuce mita 30, kusa da ruwan ƙarƙashin ƙasa. Wannan ne ya ba shi ikon yin abin da sauran itatuwa ba sa yi, wato ya zubar da ganye da damina ya yi kore shar da rani. Haka shi ma itacen nan ɗaya tilo na hamadar Tenere, wanda mota ta kayar a 1973: da aka haƙa rijiya kusa da shi an iske saiwarsa ta wuce mita 30.

Kuka dabararta ajiya ce. Idan ka tone ɗan kuka mai wata uku ko huɗu za ka ga saiwarsa ta kumbura kamar karas, cike da ruwa da abinci. Da kaka ta wuce sai ya zubar da ganye duka ya tsaya kamar tsinken da aka soka a ƙasa. A nan ne mutane da yawa ke kuskure iri biyu: wani ya ɗauka ya mutu ya cire, wani kuma ya ji tausayi ya yi ta kwarara masa ruwa safe da yamma har saiwar ta ruɓe. Akwai ma kuskure na uku da ke faruwa tun da wuri. Ganyen ɗan kuka ba ya rabuwa gida biyar kamar yatsu irin na uwar, falle ɗaya ne, don haka mai noma kan share shi da fartanya a zaton wani haki ne.

Kaɗanya ta fi su ban mamaki. Abin da ke fara fitowa daga ƙwallonta yana kama da saiwa, amma yana ɗauke da idon tsiron ne, ya nutsa da shi cikin ƙasa, sannan daga can ƙasa kan ya huda ya fito. Ma'ana, wuyan itacen a binne yake tun ranar farko. Wuta ta cinye abin da ke sama, ko saniya ta take shi, idon yana nan lafiya zai sake toho. Shi ya sa ake ganin kaɗanya ta yi shekara uku ko huɗu kamar ba ta motsi. Giginya ma haka take yi, kuma kowane Bahaushe ya taɓa riƙe shaidar a hannunsa ba tare da ya lura ba. Murucin da ake dafawa ana sayarwa a tasha, shi ne ajiyar da ƙwallon giginya ya tura ƙasa kafin ganyen farko ya leƙo. Wanda ya ci muruci ya ci shekarar farko ta giginya ɗungurungum.

Idan aka fahimci wannan, ma'aunin nasara yakan sauya. Tsawo ba shi ne abin dubawa a shekarar farko ba. Abin dubawa shi ne kaurin gindi a daidai ƙasa, da ko akwai kore a ƙarƙashin ɓawo idan aka ɗan kankara da farce a watan Afrilu, da ko ya yi sabon toho da kansa a bazara kafin ruwa ya sauka, kamar yadda yawancin itatuwan dajinmu ke yi.

Iri mai barci da iri mai gaggawa

Shekarar dashe ba a Agusta take farawa ba. Tana farawa ne da rani, ranar da aka je neman iri, kuma a nan ake yin kuskuren farko, domin ana yi wa kowane iri kuɗin goro.

Akwai masu taurin ɓawo: gawo, kalwar ɗorawa, guntsun kuka, bagaruwa, kirya, tsamiya. Ɓawonsu ba ya barin ruwa ya shiga, don haka suna iya kwanciya wata da watanni a ƙasa ba su tsira ba. A daji, cikin dabba ne ke yi musu aikin. Akuya ko saniya ta ci 'ya'yan gawo, ruwan cikinta ya lallasa ɓawon, ta kasayar da irin tare da takinsa. Wannan ne dalilin da ya sa gawo ke yawa a gonakin da makiyaya ke kwana da shanu bayan girbi, kuma dalilin da ya sa raguwar wannan tsohuwar ma'amala tsakanin manomi da makiyayi ke shafar itatuwa ba tare da an lura ba. A gida ana kwaikwayon cikin dabba ta hanya biyu. Ko dai a tafasa ruwa a sauke, a zuba irin a ciki ya kwana, ko kuma a ɗan ɓantare gefen ɓawon da abin yanke farce, nesa da idon, sannan a jiƙa. Wanda ya kumbura shi ne ya farka. A kula da bambanci tsakanin jiƙawa da ruwan zafi da dafawa: kalwar da aka bari tana tafasa a kan wuta ta kama hanyar zama daddawa, ba ta tsira. Cibiyoyin bincike suna amfani da ruwan asid, amma wannan ba abin da za a kawo gidan da ke da yara ba ne. Magarya kuwa ƙwallonta ake fasawa a hankali a ciro 'yan ƙwayoyin ciki, aduwa a wanke zaƙin a jiƙa ta kwana.

Sai masu gaggawa, waɗanda ajiya ke kashe su. Ƙwallon kaɗanya idan ya bushe ya mutu. Dole a shuka shi cikin 'yan kwanaki da faɗuwarsa a farkon damina, don haka wanda ya sayo busasshe a kasuwa, irin na masu man kaɗe, ya sayi gawa. Irin maɗaci ma ba ya jure dogon ajiya. Marke kuma matsalarsa daban ce: mafi yawan 'ya'yansa fanko ne, sai an watsa da yawa kafin a sami kaɗan.

Rukuni na uku ba sa buƙatar iri sam. Ceɗiya da danya ana sare reshe mai kauri a kafa shi gab da faɗuwar ruwa, ya kama. Da haka kakanninmu suka samar da yawancin inuwar ƙofar gida da ta kasuwa. Ga mai son ganin sakamako da wuri, wannan ce hanya mafi sauri a cikin itatuwan gida.

Wani abu da ake yawan mantawa: kanya, danya, giginya da goriba suna da namiji da mace, kuma ba a gane su sai sun yi fure bayan shekaru. Wanda ya dasa guda ɗaya tak yana iya yin shekara goma yana jiran 'ya'ya daga namiji. A dasa uku ko huɗu, ko a tabbatar akwai wasu a unguwa. Kuma a ɗebi iri daga uwaye da yawa masu kyau, kada a tsaya ga itace ɗaya don yana kusa da hanya. Mata masu miya sun san kukar da ganyenta ke da daɗi da wadda ke da ɗaci, yara sun san magaryar da ta fi zaƙi a gari. Su ya kamata a tambaya.

Leda, rami, ruwa da akuya

Ledar reno da aka saba da ita gajera ce, an yi ta ne don itatuwa masu bazuwar saiwa. Uwar saiwar gawo ko ɗorawa takan kai gindin ledar cikin 'yan makonni. Daga nan ko ta nannaɗe kamar gammo, ko ta huda ta shiga ƙasa a tsinke ta ranar ɗauka. Dashen da saiwarsa ta nannaɗe yana iya rayuwa muddin ana ba shi ruwa, amma ya rasa makamin da zai nemi ruwa da kansa, kuma rana ɗaya iskar bazara za ta kwantar da shi. Babban dashe mai tsawo a ƙaramar leda, wanda mai saye ke rububi a kai, shi ne mafi muni a wurin. Maganin abu uku ne: doguwar leda, gajeren zama a cikinta, kamar wata uku ga gawo, wato a shuka a Afrilu a dasa a Yuli, da ɗaga ledojin lokaci-lokaci don kada saiwa ta kama ƙasa. Ga kaɗanya da giginya da goriba kuwa, abin da ya fi shi ne a shuka su kai tsaye a inda za su zauna, a kafa alama.

Lokacin dashe shi ne da zarar ruwa ya ratsa ƙasa sosai, ƙarshen Yuni zuwa Yuli a yawancin ƙasar Hausa. Kowane mako da aka ƙara bayan haka an rage wa saiwa kwanakin tafiya. Dashen da aka yi a Satumba don jiran babban baƙo ya zo ya buɗe taro, kusan an yanke masa hukunci tun ranar. Rami ya kai rabin mita faɗi da zurfi, a haɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki, kada a sa ɗanye domin yana ƙona saiwa yana kuma kiran gara. A fako, inda ruwa ke gudu ba ya shiga, ramin tassa ko rabin wata ne ke tare shi. Marigayi Yakuba Sawadogo na Burkina Faso da irin waɗannan ramuka ya mayar da fako daji kusa da Wahiguya, kuma a wurinsa gara ma'aikaciya ce, domin hanyoyin da take haƙawa su ke shigar da ruwa ƙasa. Gara ta fi cin dashen da ƙishi ya riga ya galabaitar, kuma ta fi yi wa turare ɓarna fiye da 'yan gida.

Batun ban ruwa shi ne inda kyakkyawar niyya ta fi yin kisa. Yayyafi kaɗan kullum yana koya wa saiwa zama a sama, inda zafin Afrilu zai dafa ta. Ruwa mai yawa sau ɗaya ko biyu a mako, wanda zai nutse ƙasa, shi ke jan ta zuwa zurfi. Tsohuwar dabarar binne tulu ko tukunyar ƙasa a gefen dashe, a cika a rufe baki, ta fi bokiti goma da aka watsa a sama, domin ruwan yana tsattsafowa ne daidai inda ake buƙatarsa. Ruwan alwala ya isa rayar da itace a gida ko a masallaci. Ruwan wanki mai omo da bilic kuwa a nisantar da shi.

Duk da haka, a ganina, babban mai kashe dashe a ƙasar Hausa ba fari ba ne. Baki ne. Daga Nuwamba zuwa Yuni, ɗan kore ɗaya a fili kiran akuya ne, kuma ɗorawa da gawo da kuka duk abincin dabba ne mai daɗi. Kuɗin kariya yakan fi kuɗin dashen kansa, kuma sai an riƙe ta shekara biyu ko uku, har kan itacen ya wuce inda akuya ke kaiwa idan ta miƙe a kan ƙafafun baya. Da'irar tubali mai ramukan shan iska ta fi daɗewa. Kwandon kara yana da arha amma gara na cinye shi kafin bazara. Ganga ko langa-langa suna ɗaukar zafi su gasa abin da ke ciki. Ƙaya tana aiki, sai dai a kula kada a sassare magarya goma don kare dashe ɗaya. Duk shirin dashen da ya ware kuɗin sayen dashe da na taro amma bai ware na shinge da mai ban ruwa ba, ciyar da awakin gari ya shirya.

Shaidar Maradi da Damagaram

Hujja mafi ƙarfi a kan cewa saiwa ce ke cin lokaci ta fito ne daga Nijar. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ya zo aiki yankin Maradi a farkon shekarun 1980, ya yi ta raba dashe daga gandun reno yana ganin yawancinsu na mutuwa. A 1983 ya lura cewa 'yan kurmin da ke tohowa a gonaki, waɗanda ake sassabewa a ƙone kowace bazara, kututturan itatuwa ne masu rai da tsohuwar saiwarsu. Idan aka zaɓi reshe ɗaya zuwa biyar mafi ƙarfi aka rage sauran, sai su yi girman da dashe ba zai yi ba a shekaru. Manoma suka sa wa abin suna sassaben zamani. Da yunwar 1984 aka haɗa shi da rabon abinci, kuma da rabon ya ƙare mutane da yawa sun sare abin da suka bari. Waɗanda suka riƙe nasu suka ga itacen girki da abincin dabba da kariya daga iska, maƙwabta suka kwaikwaya. Binciken da Mahamane Larwanou da Chris Reij da Gray Tappan da abokan aikinsu suka yi daga baya, da hotunan sama da na tauraron ɗan'adam, ya ƙiyasta kadada miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. A Magarya da Matamai da Mirya, gawo ne ya mamaye gonaki. An bai wa Rinaudo da Sawadogo lambar yabo ta Right Livelihood a 2018.

Abu biyu ne wannan ke koyarwa. Na farko, gawo ko kalgo ko sabarar da ke da saiwa a shirye tana tashi da saurin da ke ƙaryata zancen cewa itacen gida malalaci ne. Na biyu ya shafi mallaka. Dokar daji ta zamanin Faransa ta 1935, da ta Nijar ta 1974, sun sa manomi na ganin itacen gonarsa na hukuma ne, abin da zai jawo masa tara daga ma'aikatan gandun daji, don haka gara ya kashe shi tun yana ƙarami. Da aka sassauta, musamman bayan sabuwar dokar 2004, sai itace ya zama dukiya. Binciken Michael Mortimore da abokansa a karkarar da ke kewaye da Kano ya nuna irin wannan: inda jama'a suka fi yawa kuma kowane itace ke da mai shi, itatuwan gona sun fi samun kulawa fiye da na dajin da ba na kowa ba. Dashen bakin titi da ba wanda zai ce nawa ne, shi ne maraya na gaske. Nijar ta mayar da 3 ga Agusta ranar dashen itace tun 1975, Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Ganuwar Itatuwa a 2007, Nijeriya ta kafa hukumarsa a 2015 don jihohi 11 na bakin hamada. Duk waɗannan za su fi amfani idan adadin da ake sanarwa ya zama na waɗanda suka rayu zuwa Mayu.

A tsakar gida

Fulotin birni mai ƙafa 50 sau 50 ba zai ɗauki kuka ko ɗorawa ko gamji ba. Dangin ɓaure, wato ceɗiya da durumi da gamji, saiwarsu na bin laima har cikin sokawe da bututun ruwa, tana kuma ɗaga daɓe. Wurinsu ƙofar gida mai fili, harabar makaranta, masallacin Juma'a, filin idi, maƙabarta da kasuwa. Ga tsakar gida akwai magarya, gwandar daji, tsada da kalgo. Kuka ma tana shiga ƙaramin gida ta wata hanya: a shuka ta kusa-kusa a fangali kamar alayyafo, a riƙa datse kai kada ta wuce ƙugu, a ci ɗanyen ganye tun a watannin farko. Masu bincike a Mali sun gwada wannan tare da mata masu lambu, ya kuma yi aiki.

Saura batun jira, wanda shi ne ainihin abin da ke sanyaya gwiwa. Kaɗanya takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, ɗorawa 5 zuwa 10, kuka daga 8 zuwa sama da 20. Amma aure, wanda muka yarda da shi ga mangwaro, yana aiki ga waɗannan ma. Kuka da tsamiya masu aure suna haihuwa cikin shekara 3 zuwa 5. A cibiyar ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai an aura wa magaryar gida rassan irin Indiya mai manyan 'ya'ya, wadda yanzu ake sayarwa da sunan tuffar Sahel, kuma takan fara 'ya'ya cikin shekara ɗaya ko biyu. Gindin na gida ne mai jure fari, kan kuma na kasuwa. Masu reno a bakin titi sun riga sun iya aure, abin da ya rage musu shi ne mai saye.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a taro ba. Mutane da yawa ba sa son tsamiya ko kuka a cikin gida domin ana cewa matattarar iskoki ce. Wannan imani ya kare tsofaffin itatuwa daga gatari shekaru aru-aru, amma kuma ya hana a dasa magadansu. Je ka gonakin da ke kewaye da tsofaffin garuruwanmu ka ƙirga: manyan kukoki da ɗorayi suna nan, matasansu kuwa sai an tona. Haka nan mai zaman haya ba ya dasawa, wanda aka ba aron gona ko jingina ba a yarda ya dasa ba domin itace hujjar mallaka ce, matar da ke sayen kalwa da kuka da tsada a kasuwa sau da yawa ba ita ke da ikon cewa a dasa a gida ba, alhali ita da yaranta ne za su yi ban ruwan. Malaman da ke wa'azin falalar dashen itace a matsayin sadaka mai gudana suna da rawar takawa a nan, idan suka ambaci kuka da tsamiya da sunansu.

Kirana ga mai karatu shi ne, a wannan rani ya nemi irin itacen gida guda biyu ko uku daga uwayen da ya san daɗin 'ya'yansu, ya tanadi shinge kafin ya haƙa rami, ya dasa a Yuli, ya rubuta ranar. Ga hukumomi da ƙungiyoyin da ke dashe kuma, su koma wuraren da suka dasa bara a watan Mayu, su ƙirga masu rai, su sanar da jama'a wannan adadin.